Ranar da Yaya Sulley Ya Yi wa Roka Ɗori

Yayana Sulley mai ɗori ne, duk Zongon Kumasi an san shi da wannan. Wurin mahaifinmu ya gaji sana'ar. Mahauta, direbobin keken haya na pragya, 'yan ƙwallo, duk wanda ƙashinsa ya karye, a kan tabarmarsa ake kwantar da shi. Mutum ne mai taurin kan tsiya. Ni ƙanwarsa na fi kowa sani, don tun muna yara muke gwabzawa.

Bara hannunsa na dama ya soma rawa. Ya daina shan shayi a gaban mutane, wai a tunaninsa ya ɓoye ke nan. Mu kuwa muna gani, kuma tsoronmu ɗaya ne: kada wata rana ya ɗora wa ɗan mutane ƙafa a karkace, ya bar shi da gurgunta. Da na yi masa maganar, ya daɗe bai amsa gaisuwata ba.

'Yarsa Fusena tana koyar da kimiyya a wata makaranta a Asokore Mampong. Ita da ɗalibanta sun ƙera 'yar ƙaramar roka ta gasa: dogon bututun kwali, da hanci mai tsini, da fikafikai a gindi. Wata Asabar da hantsi ta shigo da ita gida. A cikin motar haya ta trotro wata mata ta jibga mata buhun doya, bututun ya lotse a tsakiya. Fusena ta iya gyara abinta, na sani, ita ma ta san na sani. Amma sai ta ajiye a gaban ubanta, ta ce ga mai karaya ta kawo masa.

Ya yi dariya, ya ce a miƙo masa tsinken gora ya ɗaure ta. Ta ce a'a, wannan ɗorin ta ciki ake yi. A yanke inda ya lotse, a zura guntun bututu, a shafa gam, a haɗa ɓangarorin su miƙe sak. In ya karkace ko kaɗan, rokar ba sama za ta yi ba, kan mutane za ta nufa.

Ya ɗauki reza ke nan sai wayarsa ta yi ƙara. Daga kasuwar shanu ne. Bijimi ya take wani dillali mai suna Sheriff, ƙafa ta karye ƙasa da gwiwa, abokansa suna neman izinin kawo shi. Ya ce su taho. Na dubi Fusena, ta kau da kai.

Ya ce bari ya sallami wannan kafin su iso. Ya dafe tsintsiyar hannunsa a gwiwa ya yi yankan farko, ya fita tas. Na biyu ya fito kamar ɓera ya gaigaya. Ya shafa gam, ya zura guntun. Da ya zo haɗawa sai ya rufe ido, yadda yake yi wa ƙashi, yana lalube da manyan yatsu. Gumi ya keto masa. Hannun ya fizga, ya danne shi da na hagu, ya riƙe har gam ya kama. Ni dai ina ta salati a zuci, ban ma san me nake roƙo ba, ya dace ko ya kasa.

Ba wanda ya ce ya gwada aikin. Shi da kansa ya kwantar da rokar a kan benci, fikafikan suna leƙe ta baki, ya mirgina ta a hankali. Hancin ya ɗaga, ya sauka. Ya sake mirginawa, hancin ya sake ɗagawa ya sauka, alamar ɗorin ya karkace.

Fusena ta ce, "Baba, kwalin ne ya yi laushi."

Ya ce, "Ba kwali ba ne."

Sai ga ƙarar aboboyaa, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, a ƙofar gida. Sheriff yana kwance a baya yana nishi, abokansa har sun kama shi za su sauke. Yaya Sulley ya fita, muka bi shi. Ya daɗe yana kallon ƙafar, bai taɓa ta ba. Ya yi addu'a ya tofa.

"Kada ku sauke shi," in ji shi. "Ku kai shi asibiti, Bantama, yanzu-yanzu."

Suka yi cirko-cirko. Sheriff ya ce shi ba ya son a sa masa ƙarfe, tun zamanin ubansa nan gidan suke zuwa. Wani dattijo cikinsu ya matso, ya tambaya a hankali ko Baba ba shi da lafiya ne yau, su dawo gobe.

"Lafiyata lau. Na dai daina."

Dattijon ya ce yoo, wato to, ya yi wa direba alama, suka juya. Wannan maganar nake neman ji daga bakinsa tun bara. Da na ji ta, sai na zaga bayan ɗaki na yi kukana.