Madubin tagullar da ya kusa sa a kira ni boka

Na kwance madubin daga ƙyallensa a gaban limamin unguwarmu da dattawa, cikin zaurensa, a Kaura. Shekarar da aka fara Shari'a ke nan.

Madubi ne na tagulla, bayansa an jera ƙananan duwatsu shuɗaye. Wani ɗan Caina da muka yi gyaran layin dogo tare ya ba ni, ya ce irin na kakanninsu ne. Sai maƙwabta suka fara raɗe-raɗin wai duba nake yi da shi, har an daina amsa sallamata da kyau.

Liman ya juya shi, ya bi duwatsun da farce, bai sami wurin da farcen zai shiga ba.

Ya ce, "Malam Sani, in ka duba, mi kaka gani ciki?"

Na ce, "Huskata, Allah gafarta malam."

Ya ce, "Ni ma tawa nika gani, har da hurhura. Wanga aikin maƙeri na, kuma gwani. Ɗauki abinka."

Dattawan zauren suka fashe da dariya, ni kuwa na naɗe madubina.

Wallahi tambaya ɗaya ta wanke ni. Ku an taɓa zarginku a kan abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya?