Yaya da Makullin Shago

Yayana shekara huɗu ya yi a gidan yari saboda ƙwaya. Bai taɓa kowa ba, kansa ya cuta. Da ya fito, cibiyar da ke kula da irinsu ta haɗa shi da mai ba da shawara duk Laraba, ta kuma samo masa koyon aiki wurin wani kafinta.

Ƙwaya kam ya bari. Ƙofa ce ta gagare shi. Ƙato guda, sai ya je bakin banɗaki ya tsaya, hannu a baya, yana jiran a zo a buɗe masa! Mama ta yi ta faɗa har ta gaji: "Kai, tura mana! Wa kake jira?"

Ashe a shago ma haka yake yi, kafintan ya lura. Rannan ya ciro makullin shago ya danƙa masa. "Daga gobe kai ne mai buɗewa."

Wayyo, mun ga ta kanmu! Yaya ya rataya makullin a wuya. Ya buɗe shago, ya rufe, ya sake buɗewa yana ƙyalƙyala dariya, har telan da ke gefe ya ce ko a kira likita. A gida ya bi ƙofofinmu kaf ya shafa musu mai. Baƙo bai gama sallama ba, ya riga kowa tashi.

Abin ya ishe ni. Na ce, "Haba Yaya, wai ba ka gajiya?"

Ya kaɗa min makullin a kunne. "Ke, shekara huɗu ina jin ƙarar nan a hannun wani. Bar ni in ji ta a nawa."