Abin da Ban Faɗa wa Likitar Ɗan Farina Ba

Tun ina da cikinsa, ba naƙuda ce ta fi ba ni tsoro ba. Tsorona kada wata rana a kama ni ina kallonsa. A Indabo inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Akwai wata a unguwarmu da aka taɓa gani tana yi wa jaririnta na fari rawa a bakin rijiya, har na yi aure ana ba da labarinta ana dariya. Ni kuwa na san halina, idona ba ya iya barin abu. Na yi ta roƙon Allah ya ba ni dauriya.

Ya kuwa ba ni. Na haife shi a Wudil, a gidan su mijina, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Yana isa yaye uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ɗauke shi ya koma ɗakinta. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Yaya. Ƙofata na kallon tata, tsakaninmu turmi ne da igiyar shanya. Sai na koyi kallonsa ta wutsiyar ido, ina tankaɗe, ina wanke-wanke, kuma ba wanda ya taɓa kama ni.

Da irin wannan kallon na fara ganin abin, yana ɗan shekara biyar. Yana cikin cin tuwo sai lomar ta tsaya tsakanin kwano da baki. Ido a buɗe, amma ba kowa a ciki. Fatar idon ta ɗan yi rawa, leɓe ya motsa kamar mai tsotsar alewa. In na ƙirga a zuci ba na wuce goma ya dawo, ya kai lomar baki, ya ci gaba da surutunsa daga inda ya tsaya. Wata rana na riƙa jefa ƙwayar wake a gwangwani duk sa'ad da ya tafi. Kafin la'asar na zazzage, ashirin da uku.

Na gwada mijina sau ɗaya. Na ce, "Wannan na ɗakin Inna, kamar yakan ɗauke wuta."

Ya yi dariya ya ce, "Ke da ba kya kallonsa, a ina kika gani?"

Ban sake ba.

Da aka sa shi firamare sai saƙo ya fara zuwa daga malamin aji: yaro ba ya ganewa, a kira shi ya yi banza da mutum, taurin kai ne. A lokacin mijina yana gadi a jami'ar da aka buɗe a Wudil. Wata malama a can ta ji yana ƙorafi, ta rubuta masa takarda zuwa wani asibiti a Kano inda ake auna fahimtar yara. Ta ce lallai mahaifiyar yaron ta je. Mijina bai sami barin bakin aiki ba, saboda haka ni da Inna muka kai shi.

A mota, muna hawa gada, Inna ta dungure masa kai.

"Maigida, yau za a buɗe ƙoƙon nan a ga ko akwai wani abu ban da ƙuli-ƙuli."

"Ke za a fara buɗewa, tsohuwa, a sa miki haƙora."

"Ja'iri! Na fasa auren, je ka nemi mai dafa maka."

Duk motar aka yi dariya. Ina faɗin wannan don kada wani ya ɗauka ba ta son sa. Ta fi kowa.

Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba, da tabarau. Ɗakinta ba allura, ba warin magani. Ta zauna da shi a wani ɗan gajeren teburi, ta zube masa 'yan katakai masu launi ta ce ya jera irin yadda ta jera. Ya jera. Ta ba shi fensir ya zana mutum, ya zana har da hula. Ta sa shi ya yi ɗingishi da ƙafa ɗaya, ta nuna masa hotuna yana faɗin sunansu. Sannan ta ce za ta faɗi lambobi, ya maimaita. Da ta faɗi guda uku a jere ya maimaita daidai. Ta faɗi huɗu, ta sunkuya tana rubutu, a daidai nan ya tafi. Ina zaune a bayanta, fuskarsa na kallona. Na ƙirga bakwai. Tana ɗago kai ya riga ya dawo, yana kallonta bai san me ake jira ba. Ta sake faɗa masa a hankali, ta yi wata 'yar alama a takarda.

Da ta gama da shi sai ta juyo. "Wace ce mahaifiyarsa?"

Inna ta nuna ni da haɓa. "Ga ta nan. Amma ni na raine shi, ni za ki tambaya."

Duk da haka ni ta kalla. "Yana wata nawa ya fara tafiya?"

Na sani. Wata goma sha uku, ranar Juma'a, daga gindin turmi zuwa randa. Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Da wuri."

"In kin kira sunansa, yana waiwayowa nan take?"

Inna ta tafa hannu. "Haba likita, ke ba Bahaushiya ba ce? Ɗan fari ne fa!"

Likitar ta yi murmushi ta ce, "Afuwan, Mama," ta juya kujerarta ta fuskanci Inna. Daga nan ban sake ganin idonta ba. Aka yi ta tambaya, barci, cin abinci, zazzaɓi, faɗuwa. Can sai na ji ta ce, "Yakan yi tsit haka, ya ƙura ido kamar ba ya nan, ko da na ɗan lokaci kaɗan?"

"A'uzubillahi," in ji Inna. "Babu wannan a zuri'armu. Miskili ne kawai, kakansa ya ɗauko."

Yaron yana ƙasa yana wasa da katakan nan. Sai ya ɗago kai ya dube ni. Ba Inna ba, ba likita ba, ni. Ashe duk shekarun nan ya san ina kallonsa. Saura kaɗan in faɗi gaskiya. In na faɗa, na ƙaryata surukata a gaban baƙuwa, na kuma tona cewa idona bai taɓa barin ɗan farina ba. Na zuba wa lallen ƙafata ido har aka wuce zuwa wata tambayar.

Likitar ta ce jinsa da ganinsa lafiya, kuma ba daƙiƙi ba ne, hankalinsa ne ba ya zama wuri guda. A zaunar da shi a gaban aji, a daina dukansa, a dawo da shi bayan wata shida. Inna ta dawo gida tana shelar likita ta wanke mata miji. Ba mu koma ba.

Shekara uku aka yi a haka. An zaunar da shi a gaba, sai ya zama ya fi kowa kusa da bulala. Ya maimaita aji biyu. Yara suka sa masa suna Gunki. Yakan dawo da shatar dorina a ƙafa, Inna ta shafa masa man kaɗanya tana zagin malamin, ni kuma ina daka, ina ji.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya bi yara bakin kogi. Ruwan ko gwiwarsa bai wuce ba. Masuncin da ya kawo shi gida a kafaɗa ya ce yana gyaran koma ya hango yaro a tsaye, sai kawai ya ga ya sulale, ba ihu, ba fafutuka. Ya ce, "Da ban ɗago kai ba, Hajiya, da sai dai wani labarin." Da Inna yake magana. Ni na karɓi yaron daga hannunsa, a gaban kowa.

Washegari ban nemi rakiya ba. Na ce wa mijina Kano za ni, na kama hannun yaron muka fita. Likitar nan ce dai. Ba ta gane mu ba sai da aka ɗauko fayil. Na faɗa mata komai, lomar tuwo, waken gwangwani, kogi. Na ce mata har a ɗakin nan ya yi, tana rubutu. Ta ajiye biro. Ta yago takarda ta riƙe a gaban bakinsa ta ce ya yi ta hurawa da ƙarfi. Bai daɗe yana hurawa ba ya tafi, a gaban idonta. Abin da na ɓoye shekara huɗu, takarda guda ta fito da shi.

Aka tura mu wani ɗaki aka manna masa wayoyi a ka. Ta ce wata irin farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum, kuma tana jin magani. Ta ce duk sa'ad da ya tafi, abin da malam ya faɗa ya wuce shi, kamar mai sauraron rediyon da ake kashewa ana kunnawa. Ta sake auna shi da katakai da lambobi, ta daɗe tana duba tsohuwar takardar da sabuwa. Ta ce, "Da a ce tun wancan zuwan…" Sai ta dubi fuskata, ta rufe fayil ɗin.

Yanzu shekararsa goma sha biyu. Abin ya daina zuwa. Amma ko ƙararrawar makaranta ya ji daga nesa sai ya ɓuya, an yi lallashi an yi faɗa ya ƙi komawa. Sunansa kaɗai yake iya rubutawa. Inna ce ke ba shi maganin safe da yamma, ba ta yarda kowa ya taɓa kwalbar. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, sai rana ɗaya muna tsinkar zogale, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ke ma da kin yi magana."

Na ci gaba da tsinkar zogalen. Gaskiya ta faɗa. Shi kuwa bai taɓa tambayata ba, kuma ban san ko yana tuna ranar da ya dube ni ba. Ni dai ina cikin aiki sai in gan shi a ƙasan ɗakin nan, katako ja a hannunsa, yana jira.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, da ƙyar na haɗa wannan. In kai likita ne, ko malamar asibiti, ko malamin makaranta, aka kawo maka yaro tare da kakarsa ko gwaggonsa, don Allah ka sallami kowa na ɗan lokaci, ka rufe ƙofa, ka tambayi uwar ita kaɗai. In ta yi shiru, ka sake tambayarta.