Tsagar Sodangi Ta Kama

Duk mai shanu tsakanin Kunduru da Boko ya san Sodangi, Bafulatanin nan mai tsagar huhu. Shekara arba'in yana wannan aiki. In ciwon huhu ya shigo garke, sai ya yanko ɗan huhun saniyar da ta mutu, ya tsaga karan hancin masu lafiya, ya cusa masu. Bayan mako guda wurin ya kumbura, sai ya ce, "Ta kama." Kuma ba ya taɓa garke sai ya fara gwadawa a kan wani tsohon bijimi. Mutum ne mai tsantseni, wallahi, shi ya sa abin ke ƙona mani rai.

Ɗansa guda ne, Kabo, mai kai shanu kudu. Ya aura masa Hawwa'u, ɗiyar ƙanensa, marainiyar da ya rena da hannunsa. Shekara biyu da suka wuce Kabo ya dawo a rame, tari kamar ƙirjin zai tsage. Aka kai shi asibiti a Kankiya, gwaji ya nuna ƙanjamau. Aka gwada Hawwa'u, Allah Ya kiyaye ta, jininta ƙalau.

Sodangi bai yi kuka ba. Ya tsare Malama Haulatu, ma'aikaciyar da ke ba da maganin, ya ce, "Shi ya kamu, na ji. Ita fa? Ku yi mata rigakafi."

Ta ce, "Baba, babu shi tukuna. Masana na ta gwaji. Akwai wanda suke haɗawa da ɗan guntun rubutun halittar ƙwayar cutar, don jiki ya gane ta tun ba ta zo ba. Amma jikin mutum ba ya tashi ya yi faɗa sosai. Hanyar ƙara masa ƙarfi suke nema."

"Ba ta kama ba ke nan," in ji shi.

"To, kusan haka ne."

Ta ci gaba da bayanin yadda za a kare Hawwa'u, amma ina! Tsoho ya riga ya tafi cikin tunaninsa. Yo mi ake nema wanda shi bai sani ba? Sun tsorata da cutar, suna ba jiki inuwarta, ta yaya zai tashi? Ai ita kanta ake sawa, kaɗan.

Kwana uku da Kabo ya fara shan magani, uban ya ɗebi jininsa, ya tsaga damtsen kansa ya shafa. Shi ne tsohon bijimin gwajin. Da mako biyu suka cika zazzaɓi ya kwantar da shi, wuya ya yi kaluluwa, sannan ya miƙe garau. Murna har da raba goro.

Da Hawwa'u ta dawo daga tallan nono, ya kira ta, ya ce ita ma zai yi mata tsagar. Ta dubi wuƙar ta ce, "Baffa, Malama ba ta ce a yi haka ba."

"Na taɓa cutar da ke?"

"A'a, Baffa."

Ta miƙa hannu, ta kau da kai. Wannan biyayya tata, har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina.

Bai je asibiti a ranar ba. Mai tsaga ba ya shela sai ya ga kumburi, don haka ya jira mako guda cur. Sannan ya sa rigarsa ta zuwa kasuwa, ya tafi Kankiya ya koya wa masana aiki. Ya naɗe hannun riga ya nuna wa Malama Haulatu tabon, ya ce ta aika wa mutanenta su daina wahala.

Ta miƙe tsaye. "Innalillahi! Baba, wa kuma ka yi wa?"

"Yarinyar."

"Yaushe?"

"Yau kwana bakwai."

Ta koma ta zauna, ta dafe kai. Ta ce da ya kawo ta cikin kwana uku, akwai maganin da kan tare cutar kafin ta zauna. Ta ce wannan ba huhun shanu ba ne, kaɗan ɗinta ma ita ce gaba ɗaya.

Gwajinsa ya nuna tun a ranar. Na Hawwa'u sai da aka sake bayan wata biyu. Da Malama Haulatu ta fito da takardar, bai tambaye ta komai ba, fuskarta ta ishe shi.

Yanzu su uku ke hawa mota zuwa karɓar magani. Kabo ya murmure, har ya yi ƙiba, amma ba ya haɗa ido da ubansa. Masu shanu na zuwa har gida, Sodangi ya ce masu ya bar tsaga. Hawwa'u kuwa ba ta taɓa faɗa masa baƙar magana ba, kuma wannan ya fi komai cin sa. Kowace safiya ita ke kawo masa ƙwayarsa da ruwa a moɗa, ta durƙusa ta miƙa masa da hannun nan mai tabo, ta ce, "Baffa, lokaci ya yi."