Shekarar da Anka Karɓe Bindigar Taubashina

Taubashina, ɗan kawuna, mahalbi ne a Kebbe, kuma bai san wasa ba. Wasa kuwa haƙƙina ne a kanshi, haka munka gada. Ya taɓa kwanton ɓauna a daji, ya saki wuta, hayaƙi na washewa sai ga suri ya tarwatse. Daga ranar na sa mashi suna Mahalbin Gara.

Ya rantse sai ya halbe ni. Ban ɗauka wasa ba, don na san shi. Amma na san bindigar ma. Ba ya yawo da ita a ɗure, tunda ta taɓa tashi a kafaɗarshi ta ƙone mashi gemu. Kafin shi kwance ƙahon albarushi, shi zuba, shi tusa tsumma, shi danna da sanda, shi gyara ƙanƙarar ƙyasta wuta, ni na tsallake darni na shige dawa. Haka munka yi shekaru, ina tsokana, shina ɗuri, ina gudu. Gwiwoyina sunka fara gajiya, shi kuwa hannunshi sai sauri shike ƙarawa. Ranar ƙarshe ma harsashi ya ɗebe mani gefen hula.

Sai anka halbe wani manomi wajen Jabo kan iyakar gona, ya bar ɗiya ƙanana. Ba a daɗe ba sanƙira ya zagaya kasuwanni da shela: duk mai bindiga shi kai ta gidan sarki a Tambuwal, ba ta fita sai ranar yaƙi. Tsofaffi sunka zauna gardama ƙarƙashin tsamiya. Wasu sun ce kisa ya ƙare, wasu sun ce mugu ko da cokali ya kashe ka. Ni ban tsaya saurare ba. Rawa nike ta yi.

Ranar kasuwa na sa rigata ta Salla, na tafi Tambuwal a ƙasa, ina gaida kowa har jakuna. Na iske taubashin nawa gun masu sai da turame, kafaɗa babu komai, kamar zakaran da anka fige. Wannan karon ban tsaya daga nesa ba. Na matsa har ina jin warin tabarshi.

Na ce, "Mahalbin Gara, ina amarya? Na ji an kai ta gidan sarki."

Ya ce, "Taubashi, tafi abinka."

"In tafi ina? Yau zama na zo yi. Ɗura mu gani. Ko in ara maka tsumma?"

Mutane sunka fashe da dariya, ni ma har da hawaye. Ina cikin dariyar na ga ya miƙa hannu baya, ya zaro taɓarya sabuwa daga tarin mai turame. Wallahi ban motsa ba. Jikina ya saba da jira, tsaye nike ina jiran shi fara ɗuri. Taɓarya kuwa ba a ɗura ta.

Na farka a bayanshi, shina goye da ni zuwa gidan maɗori, shina zagina, shina kuma tambaya ko ina numfashi. A zauren maɗorin mun iske layi: mai karayar ƙafa, mai fasasshen kai, duk aikin gora da ƙota. Maɗorin ya ce tunda anka yi shela bai ci tuwo da zafi ba.

Yau in an tambaye ni ko dokar ta yi amfani, sai in ɗaga hannun nan na hagu da ya ɗoru a karkace. In an ce faɗa ya ragu, wannan kam ƙarya ce. Amma duk mu da munka yi layi a zauren nan da ƙafafunmu munka koma gida, wasu da ɗingishi. Da bindiga ce a kafaɗar taubashina ran nan, kuma a ɗure, da matata ta yi takaba kan zancen gara.