Faifan da Ya Maƙale a Motar Marigayi

Jama'a, yau na shiga motar mijina ban sani ba!

Ni da 'yata Hafsa muka tari tasi daga unguwar Ka'akiyya zuwa Shisha, a nan Makka. Direban ɗan Maraɗi ne. Yana taɓa rediyo sai ga waƙa: namiji ne, amma da siririyar murya irin ta mawaƙan opera na Turai yake rerawa, kiɗan disko yana bin sa. Na kasa kunne.

Direba ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Da faifan maƙale na sayi motar. Fasinjoji cewa suke aljani ne. Yau makanike zai cire rediyon a jefar, halas, a huta."

Na leƙa kujerar gaba. Ga tabon shayin da na taɓa zubarwa! Motar Abban Hafsa ce, Allah ya jiƙansa, wadda muka sayar bayan rasuwarsa. Wani alhajin Jamus ne ya ba shi faifan. Kullum ina faɗa, shi kuwa yana kwaikwayon mawaƙin.

Na ce, "An fasa Shisha. Kai mu wurin makaniken."

"Hajiya, wannan ihun kike so?"

"Ƙara sauti."

Makaniken ya ciro mini faifan, yanzu haka yana jakata. Hafsa ta ce, "Umma, Abba ya fi mawaƙin iyawa."