Ranar da Janar Ya Zo Mana Gaisuwa

Tun kafin surukina ya rasu nake jin tsoron ranar da wansa zai zo garinmu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don sai a ce ba ni da hankali. Amma a ƙauyenmu, can gefen Tafoki, duk gidan da aka ga soja ya shiga, mutanen daji sai sun ji labari kafin la'asar. Masu kai musu rahoto a cikinmu suke.

Wan surukin nawa janar ne mai ritaya. Uwar mijina ta ce yana saurayi ya ajiye fartanya ya shiga soja. Ya yi yaƙi a gida, ya yi a ƙasashen waje, harsashi ya fasa masa cinya, aka yi ta rataya masa lambobin yabo har ƙirji ya cika. Ni a hoto kawai na san shi.

Ana cikin zaman makoki sai ga shi, motar sojoji a gaba, wata a baya. Ina goye da ɗana na leƙa ta zana. Yara na bin motoci da ihu, ni kuwa idona na kan wani mai babur da ban sani ba. Ya tsaya nesa, ya daɗe yana kallon ƙofar gidanmu, sannan ya juya ya yi yamma. Na saki zanar na koma ciki.

Janar ya shigo cikin gida gaida mata. Ashe tsoho ne, da sanda, yana jan ƙafa. Matsayin suruki yake gare ni, don haka na durƙusa na rufe fuska. Ya sa aka kwance mini goyo, ya ɗora yaron a cinya.

“Wannan ƙato soja zai yi,” in ji shi.

“Haba Yaya, kai ka ishe mu,” in ji gwaggon mijina. “Bar mana shi ya noma mana masara.”

Aka yi dariya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Baba, in kun tafi, wa za ya tsaya mana? An riga an ga gidan.”

“Ke!” in ji uwar mijina. “Surukinki kike wa magana?”

“Ku ƙyale ta,” ya ce. Ya juyo gare ni. “Sojojin nan aro aka ba ni, ɗiyata. Yau zan mayar da su. Wallahi ban yi wannan tunanin ba.”

Mutumin da aka ce bai taɓa ja da baya ba, sai na ji muryarsa ta yi ƙasa. Ya kira mijina ya ce kada mu kwana a gidan.

Kafin magariba suka tafi, mu ma muka tafi. Yanzu muna raɓe a ɗakin wata 'yar'uwa cikin garin Faskari. Mijina kan koma ya duba gona, ni kuma ba na iya cin abinci sai na ji sallamarsa. Maƙwabtanmu na dā ba su son a gan su da shi.

Don Allah, in kana da ɗan'uwa babban soja, kuma naku na ƙauye irin namu, ka ce masa in zai zo gaisuwa ya bar sojoji a gari, ya shigo motar haya kamar kowa.